Idan karatu ya yi tsanani a Amurka, wace ƙofa za ka fara bugawa?

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin digirin farko a wata jami'a a Amurka, takardar I-20, wadda jami'a ke ba ɗalibin waje don ya nemi bizar karatu, ta zo hannunka, amma ka ji labarin wani da ya je, karatu ya yi masa nauyi, rashin lafiya ta biyo baya, daga ƙarshe aka ce takardun zamansa sun lalace. Tambayarka ita ce, idan irin haka ta same ka, wurin wa za ka nufa? Madalla da ka yi ta tun kana gida.

Ofisoshin taimako a jami'o'in nan suna da yawa, har sukan rikita baƙo. Abin da ya fi sanin sunayensu muhimmanci shi ne sanin wanda za ka fara zuwa, da kuma sanin wane ne a cikinsu ke riƙe sirri, wane ne doka ta tilasta masa kai rahoto. Ɗalibin da ke kan bizar karatu ta F-1, kusan duk abin da ya same shi, ciwo ne ko rashin kuɗi ko faɗuwa jarrabawa, yana iya taɓa izinin zamansa a ƙasar.

Saboda haka ka fara da mutumin da ake kira DSO. Jami'i ne a ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje, shi ya sa hannu a I-20 ɗinka, shi ne kuma ke shigar da bayananka a rumbun gwamnati mai suna SEVIS. Doka ta ce ɗalibin digirin farko ya riƙe aƙalla kiredit 12, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasai, a kowane zangon karatu, kuma a cikinsu darasi ɗaya kacal, ko kiredit 3, za a ƙirga masa daga waɗanda ake yi ta intanet. Abokinka Ba'amurke zai iya shiga shafin makaranta da tsakar dare ya ajiye kwas ɗin da ya gagare shi, babu mai taɓa zamansa a ƙasarsu. Kai idan ka bi sahunsa ka sauko ƙasa da 12 ba tare da izinin DSO ba, ka saɓa sharaɗin bizarka. Shafin ba lalle ne ya hana ka ba. Malamin da ke ba ka shawara kan zaɓen kwasa-kwasai ma zai iya ce maka ka ajiye, kuma da zuciya ɗaya zai faɗa, domin makinka yake dubawa, dokar shige da fice ba fanninsa ba ce.

Abin takaicin shi ne, dokar nan tana da ƙofar sassauci a buɗe, mutane ne ba sa saninta sai aikin gama ya gama. DSO zai iya ba ka izinin rage nauyin karatu saboda wahalar Turanci a farkon zuwa, ko rashin sabo da salon koyarwarsu, ko kuma an saka ka a ajin da ya fi ƙarfinka. Wannan sau ɗaya ake bayarwa a matakin digiri guda, kuma sai ka ci gaba da riƙe rabin nauyin, wato kiredit 6. Na rashin lafiya ya fi faɗi. Da takardar likita ko masanin halayyar ɗan Adam mai lasisi, za a iya rage maka har ka zauna ba ka ɗaukar komai, jimilla tsawon watanni 12. Ciwon damuwa yana cikin abin da ake karɓa, kamar yadda ake karɓar karaya ko tiyata. Sharaɗin duka ɗaya ne, izini ya zo kafin ka ajiye. Wanda ka ji labarinsa, ina kyautata zaton a nan ya yi tuntuɓe.

Sai dai ka san cewa DSO ma'aikacin makaranta ne mai alhaki a wurin gwamnati. Idan ka tambaye shi abin da kake shirin yi, zai nuna maka hanya. Idan kuwa ka je kana ba shi labarin saɓa dokar da ka riga ka yi, musamman aiki ba da izini ba, ba shi da ikon rufa maka asiri. Wanda ya riga ya afka irin wannan, lauyan shige da fice ya kamata ya fara gani, kuma wasu jami'o'in suna da ofishin lauyoyi na ɗalibai.

Yanzu batun da mutanenmu suka fi gudu, wato cibiyar ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Na san abin da ake tsoro, kada a ce wane ya je Turai ya taɓu. To ka sani, abin da ka faɗa wa mai ba da shawara yana nan tsakaninku. Ba ya shiga takardar sakamakonka, ba a kai wa malamanka, ba a kai wa iyayenka. Inda sirrin ke karyewa kaɗan ne, kamar idan ana tsoron za ka halaka kanka ko wani, kuma a zaman farko za su karanto maka iyakokin. A mafi yawan makarantu kuɗin yana cikin abin da ka riga ka biya, ko da yake sukan ƙayyade yawan zama, kuma layi kan yi tsawo idan jarrabawa ta ƙarato. Alamomin ba sai sun kai ga kuka ba. Barci ya ƙi zuwa makonni, ko ya yi yawa har kana rasa lacca, abinci ya fita a ranka, ka daina ɗaga wayar gida, duk sun isa dalilin zuwa. Lokacin hunturu, da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar a jihohin arewacin Amurka, ya fi tsanani ga sabon zuwa. Ka riƙe addu'a, ka nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko limamin makaranta idan akwai, ko cocin da ka natsu da shi idan Kirista ne kai, amma ka haɗa da zuwa cibiyar, domin ita ce ke iya rubuta takardar da DSO zai karɓa ko ta tura ka inda za a rubuta. Idan abin ya taso cikin dare, lambar 988 ta masu cikin matsanancin halin damuwa tana aiki tun Yulin 2022, kira ko saƙon tes, kyauta, dare da rana. Idan rai na cikin haɗari nan take, ka kira lambar gaggawa, 911.

Akwai wani bambanci da ke ba baƙi mamaki. Dokar da ake kira Title IX ta 1972 ta haramta wariyar jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, cin zarafi ta hanyar lalata yana ciki, kuma tana kare ɗalibin waje kamar yadda take kare ɗan ƙasa. A jami'o'i da yawa, idan ka faɗa wa malaminka ko mai kula da ɗakunan kwana cewa an ci zarafinka, dole ne ya kai maganar ofishin da ke kula da wannan doka, ko da ka roƙe shi kada ya kai. Mai ba da shawara da likitan makaranta galibi ba haka suke ba. Kafin ka buɗe baki kan abu mai nauyi, kana da damar tambaya, shin abin da zan faɗa maka zai tsaya a nan? Ba za su ji haushi ba, sun saba. Ka faɗa wa 'yan'uwanmu mata masu shirin tahowa wannan.

Idan kana da lalurar da ka taho da ita, sikila ce ko asma ko farfaɗiya ko raunin ji ko gani, ka taho da takardun asibitinka cikin Turanci, ka yi rajista da ofishin masu buƙata ta musamman tun makon farko. Dokar ADA ta 1990 da sashe na 504 na wata doka ta 1973 sun ba ka haƙƙin sauƙi, kamar ƙarin lokaci a jarrabawa ko sassauci kan halartar aji. Amma a jami'a babu wanda zai zo nemanka, kai za ka kai kanka, kuma sauƙin yana farawa ne daga ranar da aka amince, ba ya komawa baya ya gyara jarrabawar da ka riga ka faɗi. Tun ran gini tun ran zane.

Kuɗi kuma. An yarda ka yi aiki a cikin makaranta har awa 20 a mako lokacin karatu. Bayan ka cika shekarar karatu ɗaya, idan wani abin da ba ka zata ba ya faru, kamar mai ɗaukar nauyinka ya rasu ko ya karye, ko darajar kuɗin ƙasarku ta faɗi ƙwarai, DSO zai iya taimaka maka neman izinin aiki a waje daga hukumar shige da fice ta USCIS da fom I-765. Ana biyan kuɗin nema, kuma amsa ba ta zuwa da wuri. Kafin nan, ka je ofishin biyan kuɗin makaranta ka nemi tsarin biya kaɗan-kaɗan tun ba su rufe maka rajistar zango mai zuwa ba. Makarantu da yawa suna da rumbun abinci kyauta ga ɗalibai da asusun gaggawa. Wanda zai ce maka ga aikin ɓoye ana biya a hannu, ka gode masa ka wuce, domin aiki ba da izini ba yana daga cikin laifukan da ke rufe hanyar maido da matsayin ɗalibi idan ya lalace.

Matsalar karatu zalla ta fi sauƙi. Kowane malami yana da awannin da yake zama a ofis don ɗalibai, an rubuta su a takardar tsarin kwas, kuma zuwa wurinsa ba raini ba ne. Akwai cibiyar koyar da rubutu, ka je tun aikin farko su nuna maka yadda ake ambaton inda ka ɗauko magana, don satar rubutu a nan laifi ne da kan kai ga kora. Matsakaicin maki ƙasa da 2.0 a yawancin makarantu yana jawo gargaɗi. Kuma saboda dokar FERPA ta 1974, galibi makaranta ba za ta ba mahaifinka sakamakonka ba sai da izininka a rubuce, ma'ana babu wani a gida da zai lura kana nitsewa idan kai ba ka faɗa ba.

Idan matsalar ta haɗe, ba ka san kanta ba balle ƙafarta, ka nufi ofishin shugaban harkokin ɗalibai. Su ne ke sanar da malamanka gaba ɗaya idan an yi maka rasuwa ko an kwantar da kai, su ne kuma ke haɗa ka da sauran ofisoshin. Idan rasuwar za ta sa ka tafi gida, ka biya wurin DSO kafin ka sayi tikiti, ya duba sa hannun tafiya a I-20 ɗinka da ranar ƙarewar bizarka, ya kuma faɗa maka dokar da ke aiki a lokacin, domin dokokin shiga ƙasar suna canzawa.

Da ka sauka, ka buɗe kalandar makaranta ka rubuta ranaku biyu, ranar ƙarshe ta canza kwas da ranar ƙarshe ta janyewa daga kwas. Duk wanda ka zauna da shi a ofis kuma, ka aika masa imel daga baya ka rubuta abin da kuka tsayar, ka ajiye amsarsa. Allah Ya kawo ka lafiya, ka gaida mutanen gida.