Amsa kan zuƙar taliya da ƙara a Japan

Malam, ka tambaya ko a Japan zuƙar taliya da ƙara rashin ladabi ne. Ko kaɗan, domin zuƙar tana rage zafin ramen ko udon (ire-iren taliyar Japan ne da ake ci cikin romo), tana kuma fito da ƙamshin romon. Idan aka kawo maka soba mai sanyi (ita ma wata irin taliya ce) a kan faifan gora, kada ka juye mata tsuyu, wato miyar da ake kawowa tare da ita. Ɗebo taliyar kaɗan da tsinkayen cin abinci ka tsoma ƙasanta kawai a cikin miyar, daga ƙarshe za a kawo ruwan da aka dafa ta ka haɗa da sauran miyar ka sha. Abin da ya fi damuna shi ne romon ramen da ake kira tonkotsu, na birnin Fukuoka, wanda da ƙashin alade ake dafa shi, saboda haka ka tambaya kafin ka zauna.