Amsa ga Malam kan jikin jirgin sama da ake mannawa da gam

Malam, ka tambaya ko da gaske ne akwai jirgin saman da aka manna ƙarfen jikinsa da gam, har ka ce hankalinka bai kwanta ba. Gaskiya ne, amma ka cire tsoro.

Ka taɓa lanƙwasa murfin gwangwanin madara gaba da baya har ya karye? Haka alminiyom, ƙarfen da ake yin jikin jirgi da shi, ke gajiya. Duk tashi da sauka jikin jirgi na kumbura yana motsewa, sai tsaga ta fara daga ramin ƙusa ta yi ta ci. Idan faranti ɗaya ne mai kauri, babu abin da zai tare ta.

Shi ya sa masana a jami'ar Delft ta ƙasar Holan suka ƙirƙiro GLARE: fallayen alminiyom sirara, kowanne bai wuce rabin milimita ba, a jera su da zaren gilashi da gam mai ƙarfi a tsakani, sannan a gasa cikin tanda mai matsi. Tsaga ta kama falle ɗaya, zaren ya riƙe bakinta da ƙarfi, ba ya barin ta buɗe da sauri. Ga rashin nauyi, man jirgi ya ragu. Jirgin Airbus A380, wanda ya fara tashi a 2005, da GLARE aka yi wani sashe na saman gangar jikinsa.

Ni a garejinmu nan Bauchi na sha ganin gam ya saki saboda yaro bai goge maiƙo ba. Wajen haɗa GLARE ma haka ne, sai an wanke ƙarfen tas da sinadari kafin a manna, kuma wannan aikin na cikin abin da ke sa shi tsada.