Tambaya da Amsa: Tsakuwata Tana Fitowa Falle-Falle

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin injin fasa dutse mai muƙamuƙi a bayan garin Damagaram. Kwanan nan tsakuwar tana fitowa falle-falle, magina suna ƙin ta, rariya kuma sai toshewa. Ina matsalar take? Daga mai karatu, unguwar Zango.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da haƙoran injin. Dutsen Damagaram garanit ne, wato dutse mai tsananin tauri, yana cin ƙarfe sosai, kuma ƙasan farantin da haƙoran ke jikinsa ne ke fara lashewa domin nan ne matsi ya fi yawa. Kashe injin, ka shafa da hannu. In tudun haƙoran ya baje, kwance farantin ka juya shi, sama ta koma ƙasa. Bayan haka ka sake auna tazarar bakin ƙasan injin, inda tsakuwa ke fita, don lashewa tana buɗe ta.

Sai yadda ake zuba dutse. In ana jefa shi ɗaya-ɗaya, fallayen suna sulalewa ba su karye ba. A bar cikin injin a cike, dutse yana murƙushe dutse. Kada girman dutsen ya wuce kashi 80 cikin 100 na faɗin bakin sama.

Toshewar rariya kuwa yawanci jiƙaƙƙiyar ƙasa ce, musamman da damina. Tace ƙasar kafin dutse ya shiga inji, ka goge ragar rariya mai ramukan milimita 5 da burushin ƙarfe kullum, ita ce mai saurin cushewa kafin ta 15 da ta 25.

Don Allah yaranka su riƙa rufe hanci, a kuma yayyafa ruwa; ƙurar garanit tana lalata huhu.