Na ɗora Ubuntu, Wi-Fi ya ɗauke: wane kati zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi laftof ta hannu, na goge Windows na ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, sai Wi-Fi ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Mai gyara ya ce sai an canza katin Wi-Fi ɗin. Wanne zan saya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kar ka fitar da ko sisi tukuna. Jona wayarka da kebul ka ba laftof ɗin intanet, ka buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta lspci -nnk don ka ga sunan katin. In na kamfanin Broadcom ne, to dama shi ne sarkin taurin kai a Linux, kuma sau da yawa shiga Additional Drivers na Ubuntu ka ɗora direbansa, wato manhajar da ke sa katin aiki, ya wadatar, ba sai an kwance komai ba.

In canjin ya zama dole, ni Intel zan ce maka. Direbansu, iwlwifi, yana cikin kernel, wato zuciyar Linux, ka sa kati ka kunna kawai. Katinsu AX200 yana aiki tun daga kernel 5.1, AX210 kuma daga 5.10. Sai dai ka buɗe ido a shago: AX201 da AX211 kamanninsu ɗaya da waɗancan, amma rabin aikinsu yana cikin firosesar Intel ne, kuma sai wadda ta dace da su. Ka sa su a laftof mai firosesar AMD, ko motsi ba za su yi ba. Mai shago zai iya ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Sannan ka duba ramin katin. Sababbin laftof M.2 suke amfani da shi, tsofaffi kuwa mini PCIe, kuma bakin wayoyin eriyarsu ma ya bambanta. Ga tsohuwa, nemi Intel 7260 na mini PCIe. Wasu tsofaffin HP da ThinkPad, irin X230 da T420, BIOS ɗinsu, wato manhajar da ke tayar da laftof, ba ya karɓar baƙon kati. ThinkPad sai ta nuna kuskure mai lamba 1802 ta ƙi tashi. A nan dole ka sami katin da aka yi wa samfurin.

In kuwa katin liƙe yake da allon uwa, wato babban allon cikin laftof, sayi ɗan Wi-Fi na USB mai MediaTek a ciki. Na Realtek sun fi arha, amma da yawansu sai ka haɗa direba da hannunka.