Me ya sa 'ya'yan tarwadata ke ta juyi?

Tambaya: Malam, ina kiwon tarwada a gefen fadama. Tun da aka yi ruwa mai yawa, ruwan gonar shinkafar da aka yi wa feshi ya malalo cikin tafkina, sai 'ya'yan kifin suka riƙa juyi a saman ruwa, sun rage cin abinci, amma ba sa mutuwa. Guba ce? Daga wani mai kiwon kifi a Yawuri.

Amsa: Ɗan'uwa, alamun da ka lissafa sun yi kama da guba. Magungunan ƙwari irin su Chlorpyrifos suna toshe wani sinadari da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa tsoka. Sai tsokar ta yi ta karkarwa, kifin ya kasa iyo daidai. Ƙaramin kifi ya fi cutuwa, don ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba.

Rashin mutuwarsu kada ya kwantar maka da hankali, don guba na iya lalata kifi ba tare da ta kashe shi ba. Jan ƙarfe kaɗan a ruwa yana dakushe wa 'ya'yan salmon, wani kifin ƙasashen sanyi, jin ƙanshi, har su kasa sansano haɗari. A 2013 masana a Jami'ar Umeå ta Suwidin sun nuna cewa ragowar maganin kwantar da hankali, Oxazepam, na sa kifi ya rabu da 'yan'uwansa ya daina tsoro. A kogi, irin wannan kifin zai iya zama wanda ake fara cinyewa.

Yau ka zubar da rabin ruwan, ka zuba na rijiya, ka dakatar da abinci na kwana ɗaya. Sannan ka ɗaga ganuwar tafkin ta ɓangaren gonar, ku kuma daidaita da maƙwabcinka ya riƙa sanar da kai ranar feshi.