Wai da gaske Askiya ya taɓa mulkar Kano da Katsina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne daga Zariya. A wata taswira da malaminmu na tarihi ya nuna mana na ga an shafa wa daular Songhai launi ɗaya tun daga Timbuktu har ta haɗiye Kano da Katsina da Zazzau. Ni kuma duk labarin da na taso ina ji a gida ban taɓa jin an ce Zabarmawa ko mutanen Gao sun mulke mu ba. To wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan taswirar na san ta, ta daɗe tana yawo a littattafan makaranta, kuma in ka bi diddiginta kusan duk a bakin mutum ɗaya ta tsaya, wato matafiyi kuma marubuci Hasan al-Wazzan wanda Turawa ke kira Leo Africanus.

Bari mu fara da shi Askiyan. Sunni Ali ne ya gina ƙarfin Songhai daga 1464 zuwa 1492, shi ya ci Timbuktu da Jenne. Da ya mutu sai ɗansa Sunni Baru ya hau, amma bai ma gama ɗumama kujerar ba wani babban kwamandan uban nasa, Muhammadu Ture, ya kayar da shi a 1493, shi ne Askiya Muhammadu da kake ji. Ya tafi Hajji a 1496, ya dawo da laƙabin halifan ƙasar Takrur, wato yankin Afirka ta Yamma, daga nan kuma ya shiga faɗaɗa ƙasa ta ko'ina, har gabas wajenmu.

To shi Leo a littafinsa da aka buga a Italiya a 1550 cewa ya yi Askiya ya kashe sarkin Gobir da na Katsina da na Zazzau, na Zamfara guba aka sa masa, Kano kuma an yi mata zobe har sai da sarki ya yarda zai riƙa ba da kashi ɗaya cikin uku na harajinsa, aka bar wakilai a gari suna karɓa. Labari ne mai daɗin ji, shi ya sa marubuta suka yi ta kwafa daga juna.

Matsalar ita ce sauran shaidu ba su goya masa baya ba. Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda bai ɓoye artabu da Katsina da Barno da Kwararrafa ba, ko sau ɗaya bai ambaci Askiya ya zo ƙofar gari ba, kuma a lokacin Muhammadu Kisoke ne ke sarauta, 1509 zuwa 1565, sarkin da kundin ya nuna mai ƙarfi ne sosai. Za ka iya cewa ai kowa yana ɓoye kunyarsa, na yarda, amma su mutanen Songhai fa? Littafin tarihi Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi, ɗan Timbuktu, yana lissafa yaƙe-yaƙen Askiya kusan shekara bayan shekara, kuma abin da kawai ya faɗa game da mu shi ne an kai wa Katsina yaƙi wajen 1514. Babu Kano, babu Zazzau. Yanzu fisabilillahi mutum ya ci birni kamar Kano sannan marubutan gidansa su manta su rubuta? Ni dai wannan bai shige ni ba. Masana da dama ma suna ganin Leo ƙafarsa ba ta taka ƙasar Hausa ba, a bakin fatake ya tsinci labarin.

Inda Askiya ya yi ci na gaske shi ne Agadas, sau biyu ya je mata, na biyun wajen 1516, kuma a wannan tafiyar ce abin ya juye masa. Cikin rundunar akwai Kanta, jagoran mutanen Leka da ke ƙasar Kabi. Da aka dawo ya nemi kasonsa na ganima aka hana shi, shi kuwa ya ce ai ba haka aka yi da shi ba, ya yi tawaye, aka gwabza ya tsaya da ƙafarsa. Shekara ta zagayo aka sake turo masa runduna ba a ci nasara ba. Wani Askiyan na baya, Muhammadu Bunkan, da ya hau a 1531, shi ma ya gwada sa'arsa ya sha kashi. Kabi kenan ta tsaya a tsakiya ta zama katanga tsakanin Songhai da sauran ƙasar Hausa, kufan birnin Kanta na Surame yana nan har yau a jihar Sakkwato da ganuwarsa ta dutse. Kaga ko da ma an karɓi haraji a wani wuri, abu ne na 'yan shekaru, ba mulkin da za a shafa wa launi ba.

Abin da ya haɗa mu da su da gaske malamai ne da fatake. Shehu Maghili da ya zauna Kano ya rubuta wa Muhammadu Rumfa nasiha kan sha'anin mulki, shi ne dai ya wuce Gao, babban birnin Songhai, ya amsa tambayoyin Askiya, amsoshin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da su bayan shekara ɗari uku.

Fito-na-fito dai bai ƙare ba gaba ɗaya. A zamanin Askiya Dawud, wajen 1554, mahaya 24 na Songhai suka yi karo da barade 400 na Katsina a wani wuri da ake kira Karfata, aka kashe 15, tara da suka rage duk da rauni aka kama su. Katsinawa suka yi jinyarsu har suka warke, sannan suka mayar wa Askiya da su, suka ce maza irin waɗannan ba su cancanci kisa ba. Shi ma wannan al-Sa'adi ne ya kawo shi, ba Bakatsine ba.