Ƙuri'ar Jin Ra'ayi da Batun Tazarcen Magajin Gari

Tambaya: An fitar da sakamakon wata ƙuri'ar jin ra'ayi da ta nuna cewa fiye da rabin mazauna birninmu sun gamsu da aikin magajin gari, har magoya bayansa sun fara cewa tazarce ya tabbata, alhali saura kusan shekara biyu a yi zaɓe. Shin za a iya dogara da wannan sakamako?

Amsa: Za a iya dogara da shi wajen sanin yadda jama'a ke kallon magajin garin a makon da aka tambaye su. Batun tazarce kuwa da sauran rina a kaba. Tambayar da aka yi wa mutane ita ce ko sun gamsu da aikinsa, kuma mutum yana iya yaba gyaran tituna da kwashe shara, sannan ranar zaɓe ya dangwala wa ɗan takarar jam'iyyarsa, ko ya zauna a gida. Ga shi kuma har yanzu ba a san wanda zai kara da shi ba.

Zaɓen birnin New York na 2025 ya isa misali. A farkon shekarar, ƙuri'un jin ra'ayi suna nuna tsohon gwamnan jihar New York Andrew Cuomo a sahun gaba, Zohran Mamdani kuwa ko cikin waɗanda ake lissafi da su ba ya ciki. A watan Yuni Mamdani ya kayar da Cuomo a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Democrat, ya sake kayar da shi a babban zaɓe a watan Nuwamba, inda Cuomo ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, yayin da magajin gari mai ci a lokacin, Eric Adams, ya janye daga takara tun a watan Satumba. Duk wannan ya faru ne cikin ƙasa da shekara guda.

Sai kuma a duba mutum nawa aka tambaya. Idan dubu ɗaya ne, aka kuma zaɓo su ba tare da son rai ba, sakamakon yana iya kuskurewa da kusan maki 3 sama ko ƙasa. Idan 400 ne, kuskuren ya kai kusan maki 5. Ke nan kashi 52 cikin 100 yana iya zama 47. Amma abin da ya fi damuna shi ne su wane ne aka tambaya. A 1936 mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai lashe shugabancin Amurka, sai Franklin Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Yawancin sunayen daga kundin masu wayar tarho da masu mota aka kwaso su, wato masu hannu da shuni, kuma waɗanda suka fi ɗokin mayar da amsa su ne masu jin haushin gwamnati.

A zaɓen birni wannan matsala ta fi tsanani, domin mutane ba su cika fitowa ba. A Landan a watan Mayun 2024, kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai na masu rajista suka kaɗa ƙuri'a. Magajin garin, Sadiq Khan, ya samu wa'adi na uku, amma da ratar kusan maki 11 a kan abokiyar hamayyarsa Susan Hall, bayan wasu ƙuri'un jin ra'ayi sun ba shi ratar da ta kai maki 20.

Saboda haka ka nemi cikakken rahoton binciken, ka duba wanda ya biya kuɗinsa, da yadda aka tsara tambayar, da ko masu rajistar zaɓe aka tambaya ko kuwa duk wanda ya ɗaga waya. Idan ofishin yaƙin neman zaɓen magajin garin ne ya ɗauki nauyinsa, ka jira sakamakon wata cibiya mai zaman kanta bayan 'yan watanni, ka ga ko alƙaluman sun tsaya inda suke.